Zakaran Cin Attarugu na Venezuela

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka yi walimar auren ƙanin matata a unguwar Sa'alaba ba. Ko da ma na yi niyyar mantawa, akwai mata cike da zaure guda a garin Jidda da suka ɗauki nauyin tuna min duk inda muka haɗu. Amma kafin in kai ku wajen walimar sai mun bi ta Venezuela tukuna, domin a can abin ya samo asali.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni mutumin Funtuwa ne, gaba da baya, amma ba na iya cin yaji. Tun ina ƙarami, in aka sa barkono a miya, kafin in kai loma ta uku hancina ya fara zuba, idanuna sun yi ja kamar wanda aka yi wa mutuwa. A gidanmu an saba, ana ɗibar min nawa kafin a zuba. Matsalar ta taso ne bayan na zo Jidda aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani, na ga Ikhlas, na ce ina so.

Ikhlas 'yar Hausawan Sudan ce. Mahaifinta, Ammu Bashir, mai agashe ne a unguwar Hindawiyya (agashe shi ne tsiren Hausawan Sudan, ga wanda bai sani ba), kuma yajinsa ne ya yi masa suna. Da suka ji cewa mai neman 'yarsu Bahaushe ne daga can tushe, ƙasar da kakanninsu suka baro, sai suka ɗauka za su ga mutumin da ke shan barkono da cokali. Ranar da na fara zuwa gaisuwa, Ammu Bashir da kansa ya ninka min yaji don girmamawa. Na ci tsinke ɗaya, hawaye suka ɓalle. Ya ce, "Lafiya, ya waladi?" Na ce masa kakata ce na tuna, Allah ya jiƙanta. (Kakata tana nan da ranta a lokacin, har goro take ci.)

Ba a daɗe ba gaskiya ta fito. Yayan Ikhlas, Siddiƙ, wanda Allah ya yi wa baki kamar reza, ya raɗa min suna Abu Halib, wato baban madara. Shekara shida ina amsa wannan suna ina murmushin dole. Ammu Bashir bai taɓa kirana da shi ba, amma duk lokacin da aka zauna cin abinci na ture yaji gefe, yakan dube ni da wani irin tausayi da ya fi zagin Siddiƙ ciwo.

To, a wajen aiki akwai wani injiniya ɗan Venezuela, Rafayel, mutum mai fara'a, mai Larabcin kan titi irin wanda kowa ke faɗi-tashi da shi a Jidda. Wata rana ya ga wainar da Ikhlas ta ƙunso min, ya ɗanɗana, ya dafe ƙirji ya ce ta tuna masa da abincin mahaifiyarsa. Daga nan kullum sai ya zo ya tsaya a kaina lokacin cin abinci. Da hutunsa ya matso ya ce lallai mu bi shi garinsu, ni da matata. Na ce masa insha Allahu, irin insha Allahun nan da kowa ya san ma'anarta. Kuskurena shi ne da na ba Ikhlas labari a gida don mu yi dariya. Ba ta yi dariya ba. Mace ce da ta kalli girkin duk ƙasashen duniya a waya, amma ba ta taɓa wuce Ɗa'ifa ba tun da aka kawo ta Jidda tana goye.

"Yalla, ka sabunta iƙamarka ta zaman ƙasa, ka nemi izinin fita da dawowa," in ji ta. "'Yarmu Hanan za ta zauna wajen Ummina."

Da muka je sallama, Ammu Bashir ya ce, "Banazuwala? Tana gaba da Masar ne ko baya?" Na ce gaba, Ammu, gaba sosai.

Ba zan gajiyar da ku da labarin jirage ba. Abin da zan ce kawai, bayan mun sauka sai da mota ta yi ta nannaɗe mu a kan duwatsu, rami a dama, gajimare a hagu, Ikhlas ta riƙe hannuna tana karanta duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Sai ga garin su Rafayel a ƙasa: ɗan ƙaramin gari, teku a gabansa, dutse a bayansa, gidaje kowanne da kalar fentinsa. A filin da ke gaban cocinsu an shanya 'ya'yan koko, wanda ake yin cakulan da shi, a ƙasa kamar yadda ake shanya barkono a kan titin Funtuwa, mata suna juya shi da katako, garin gaba ɗaya yana wani ƙamshi mai ɗan tsami. Abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin mutanen baƙaƙe ne kamarmu. Na ga wata tsohuwa a ƙofar gida, wallahi in ba don siket ba da na durƙusa na ce, "Gwaggo, yaushe kika zo?"

Mahaifiyar Rafayel, Mama Karmen, gajeruwa ce mai faɗi, muryarta ta fi ta girma. Ta rungume Ikhlas kamar ta shekara tana jiranta. Ashe tun kafin mu iso ɗanta ya gaya mata abin da ba ma ci, sai ta sayo sababbin tukwane biyu ta ware mana, ta kuma share wani ɗaki ta kwashe hotunan da ke bango don mu yi salla. Ranar farko da muka tayar da kabbara sai ta kashe rediyo ta hana kowa motsi a gidan, har kare sai da aka kora waje.

Ita da Ikhlas ba su da kalma ɗaya ta tarayya, amma daga safe har azahar suna kicin suna hira da hannu da ido da dariya. Kullum da safe akwai arefa, wata 'yar gurasar garin masara mai kauri da ake gasawa a tsaga cikinta a cusa cuku ko kifi ko baƙin wake. Akwai kacafa, ta ɗanyar masara, mai zaƙi-zaƙi, wadda Ikhlas ta ce ita kam ko ita kaɗai ta ci a tafiyar, ta fanshe wahalar hanya. Ga soyayyar agada, ga kifin da aka kamo da asuba, ga wata busasshiyar gurasar rogo da ke ƙara a baki kamar ana taka busasshen ganye. Ranar da aka kawo mana wani abin sha mai sanyi, na kurɓa na ce, "Ikhlas, wannan ai mazarƙwaila ce da lemun tsami!" Ita ce kuwa, sunan kawai suka canja mata. Ikhlas ma ta rama musu, ta yi ƙosai da baƙin wakensu. Ya fito kalar toka, kamar an soya ƙasa, amma maƙwabta suka cinye har suna tambayar ƙari.

Ran Lahadi da la'asar aka fito da ganguna bakin teku, wasu dogaye da ake kwantarwa a ƙasa makaɗi ya hau ya zauna a kai. Da aka fara, sai na ji kamar ina ƙauyenmu ranar kamun kifi. Ƙafata ta dama ta fara motsi ba da izinina ba. Ikhlas ta dube ta, ta dube ni, ƙafar ta tsaya.

Har zuwa nan, tafiya ce mai kyau, kuma da na dawo da mutuncina kamar yadda na tafi da shi. Sai ranar kasuwa.

Rafayel ya tafi babban gari gyara wa mahaifiyarsa wasu takardu, ya bar mu ba tafinta. Muna zagayawa tsakanin masu kifi da masu ayaba, sai Ikhlas ta taɓa ni ta ce, "Abu Hanan, ga abokan gabarka can." Na duba. Attarugu ne tsibi guda a kan tebur, ja da ruwan ɗorawa da kore, mai ƙwanƙwasasshen jikin nan, ƙamshinsa kaɗai ya isa ya sa ni atishawa. Mai sayarwar, wata mata mai ɗankwali ja, ta ga muna nunawa, sai ta ɗauki ɗaya ta goge a zaninta ta miƙo min tana murmushi.

Na girgiza kai. Ta ƙara miƙowa. Masu teburan kusa suka juyo suna kallon baƙo. Ni kuma a zuciyata na ce yanzu in na ƙi, an ce Bahaushe ya zo ƙasar mutane ya ji tsoron abin da mace ta miƙa masa. Na karɓa, na yi bisimilla, na yi kalmar shahada a ɓoye, na gartsa.

Shiru. Ban ji komai ba.

Na tauna. Ƙamshin attarugu ya cika min baki, sak irin na gida, amma wutar ba ta zo ba. Na jira ta, na ƙara jira. Ba ta zo ba. Na haɗiye, na taɓa hancina, a bushe. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Mutum mai hankali zai ce, wannan barkonon da wata a ƙasa. Ni abin da ya zo min shi ne, ashe shekara shida da na yi ina shaƙar hayaƙin yajin Ammu Bashir ba a banza suka tafi ba, jikina ya gama koyo, yau sakamako ya fito. (Na ma ɗan yi tunanin ko iskar teku ce ta warkar da ni.)

Na ɗauki na biyu na jefa a baki gaba ɗaya. Na uku kuwa sai da na ɗaga shi sama kowa ya gani, na buga ƙirji, sannan na tauna ina zare ido. Matar ta fashe da dariya har tana riƙe tebur, ta ƙwala wa maƙwabtanta kira. Kafin ka ce me, an kewaye ni ana tafi. Na miƙa wa Ikhlas waya na ce, "Ɗauka! Ɗauka, Siddiƙ zai gani!" Matar tana ta nuna barkonon tana cewa, "Ahi dulse! Ahi dulse!" tana share hawayen dariya. Na riƙe sunan da kyau. Na ce lallai barkonon da ake kiran sunansa sau biyu ba ƙaramin barkono ba ne.

Sauran kwanakin da muka yi a garin, da attarugu nake yawo a aljihu kamar goro. In na zo wucewa ta wajen tsofaffin da ke buga domino a ƙarƙashin bishiya, sai su ɗaga hannu su ce, "Kampiyon!" Ni kuma in ciro ɗaya in gartsa, su kwashe da dariya su buga tebur. Da Rafayel ya dawo ya ji labari, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce, "Sadiƙi, inta mushkila!" wato abokina, kai matsala ne. Na ɗauka yabo ne.

A jirgin dawowa ne Ikhlas ta ce, a hankali, "Abu Hanan, barkonon nan fa, ina ganin ba irin namu ba ne."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ya fi namu. Ba ki ga yadda 'yan garin da kansu suke mamaki ba?"

"Ba haka nake nufi ba. Mama Karmen tana zuba shi da hannu biyu a kowace tukunya, kuma..."

"Ikhlas," na katse ta, "shekara shida ana kiran mijinki Abu Halib a gabanki. Yau Allah ya ɗaga shi a ƙasar waje, ke ce za ki fara rage masa tsawo?"

Ta dube ni na ɗan lokaci. Ta ce, "Halas." Ta juya wajen taga. (Halas ɗin Ikhlas iri-iri ne. Akwai na na yarda, akwai na na gaji, akwai kuma na za ka gani. Har yau ban iya bambance su sai bayan abin ya faru.)

Sati biyu da dawowarmu aka yi walimar ƙaninta, bayan sallar Juma'a, a wani gidan biki da aka kama a Sa'alaba. Zauren maza a gaba, na mata a baya, ɗan siririn lungu a tsakani mai ƙofofi biyu, ɗaya ta wajen wanke hannu, ɗaya ta matan. Ku riƙe wannan lungun. Na sa sabuwar farar jallabiya, na fesa turare, na gayyaci Rafayel ma, amma kamar kullum ya makara.

An baje manyan farantan shinkafa da rago, ga agashen Ammu Bashir a gefe. Ina zaune a faranti ɗaya da shi da Siddiƙ da limamin da ya ɗaura auren da wasu dattawa. Ban kai ga loma ta biyu ba Siddiƙ ya ce, da ƙarfi yadda farantan kusa za su ji, "Ya Abu Halib, hamdilla ala salama! Me ka ci a Banazuwala? Ko da garin madararka ka tafi?"

Wannan tambayar nake jira tun a kasuwar can. Na goge hannu, na ciro waya, na kunna, na miƙa masa.

Siddiƙ ya kalla, dariyarsa ta ɗauke. Waya ta fara yawo hannu zuwa hannu, ana jin tafin mutanen Venezuela yana tashi daga faranti zuwa faranti. Da ta iso wajen Ammu Bashir sai ya ciro tabarau ya sa, ya kalla har ƙarshe, ya ce a mayar masa farko. Sannan ya ɗago ya dube ni. Wallahi tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba.

"Wannan kai ne, ya waladi? Ɗanye?"

"Ɗanye, Ammu. Bakwai na ci ranar."

"Masha Allah. Me suke kiransa?"

"Ahi dulse."

"Ma'anarsa fa?"

Ban sani ba. Da na ce ban sani ba, da an wuce wajen. Amma dattawa sun zuba min ido, liman ya tsayar da lomarsa. Sai na ji bakina yana cewa, "Wato wutar cikin dutse. Irin dutsen nan mai aman wuta."

Aka ɗauki salati. Siddiƙ kuwa ya shafa gemu, sannan ya ciro wayarsa ya kira matarsa a zauren mata. Ashe Gwaggo Asabe, wata 'yar'uwarsu da ta zo umara daga Zariya kwana biyu kafin nan, ta taho wa masu girki da attarugu ɗanye, irin na fadama. Minti biyar ba a yi ba sai ga shi an miƙo a ɗan faranti, guda uku, jajaye suna sheƙi. Siddiƙ ya ajiye a gabana da hannu biyu kamar mai miƙa sadaki.

"Tafaddal, ya kampiyon. Mu ma mu gani da idonmu."

Ammu Bashir ya ce, "Siddiƙ, bari. Ranar farin ciki ce." Na ce, "Ammu, ƙyale shi. Wannan ai ƙanin wancan ne."

A daidai nan wayata ta fara rawa a kan tabarma. Ikhlas. Na kife ta. Ta sake rawa. Na sake kifewa. Saƙo ya shigo, wani ya biyo. Na ce wa dattawa, "Uwargida ce, tana min fatan alheri." (Daga baya na karanta. Na farko: "Kada ka ci." Na biyu: "Don girman Allah kada ka ci, na can ba shi da zafi, jikar Mama Karmen mai haƙori huɗu ma tana taunarsa.")

Na miƙe tsaye, domin na baya su gani. Na ɗaga attarugun sama kamar yadda na yi a kasuwa. Na buga ƙirji. Na jefa shi a baki gaba ɗaya, na tauna da turame.

Daƙiƙa biyu, uku, ba komai. Har na kai hannu na ɗauki na biyu.

Sai wutar ta iso.

Ban san ta inda ta fara ba. Na dai ji kamar an ɗauki dutsen guga an ɗora min a harshe an danna. Kunnuwana suka toshe, na daina jin hayaniyar zauren, sai wani siririn fito. Na buɗe baki in ce alhamdulillahi, abin da ya fito shi ne shaƙuwa, mai ƙarfi, irin wadda ke ɗaga mutum daga ƙasa. Ta biyu ta biyo. Hawaye da majina da gumi suka ɓalle lokaci guda, kowanne yana neman hanyarsa.

Na wawuri abin da ya fi kusa, ashe kofin shayin liman ne, yanzu aka zuba. Na kwankwaɗe. Wanda bai taɓa zuba tafasasshen shayi a kan attarugu ba, ina roƙonsa ya bar shi a haka, na yi mana gaba ɗaya. Sai na yi babban kuskuren: na sa yatsun da na riƙe attarugun na biyu na murje idanuna.

Daga nan ban ƙara gani ba. Na laluba na kama wani ƙyalle mai laushi na goge fuska da hanci da kyau. Ƙyallen ya ja baya, na ja shi, ya sake ja. Jelar rawanin wani dattijo ce, kawun amarya, kuma rawanin yana kansa a lokacin.

Na ji muryar Ammu Bashir daga nesa yana cewa, "Ruwa! Ku kai shi wajen famfo!" Ban jira a kai ni ba. Na ruga, na taka gefen farantin wasu bayin Allah, na faɗa lungun nan, na laluba ƙofa, na banka ta da kafaɗa.

Na ce muku ƙofofi biyu ne.

Abin da ya fara sanar da ni shi ne ƙamshin turaren wuta. Sai kiɗan da ake yi ya tsaya cak. Sai ihu. Mata cike da zaure, an cire abaya an ci ado, amarya a kan kujera, ga ƙato ya faɗo musu ido a rufe, baki a buɗe, harshe a waje. Ina jin ana guje-guje, ana "Rijjal! Rijjal! Namiji!" ana wawurar mayafai da labule da duk abin da hannu ya kai. Ni kuwa na tsaya a tsakiya ina juyi, ina kururuwa da ɗan abin da ya rage na muryata: "Ikhlas! Ikhlas, na mutu! Agwa! Agwa!" (Agwa shi ne ruwa da yaren su Rafayel. Hausa da Larabci duk suna da kalmar ruwa. Har gobe ban san abin da ya sa wannan ta fito ba.)

Surukata ce ta cece ni. Ta jefa min zanen tebur a ka don matan su samu su suturta, ta ja ni da shi kamar rago zuwa lungu, ta zaunar da ni a ƙasa. Ikhlas ta zo da babbar robar nono, tana ɗura min rabi tana wanke min ido da rabi, tana cewa, "Sha. Sha, kada ka yi magana. Ka yi maganar da ta isa yau."

Ina nan zaune a lungu, jallabiya ta jiƙe da nono, shaƙuwa tana ɗaga ni tana saukewa, maza sun cika bakin ƙofa, sai ga Rafayel ya iso da kwalin kyauta a hannu. Ya dube ni ya ce, "Sadiƙi! Esh fi?"

Ammu Bashir ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ne ɗan Banazuwala? Gaya min, ahi dulse, me ake nufi da shi?"

Na yi ƙoƙarin yi wa Rafayel alama da ido, amma idon da ƙyar yake buɗuwa.

"Ahi, barkono. Dulse ya'ani hilu, mai zaƙi," in ji shi cikin fara'a. "Mafi harr, ba zafi ko kaɗan. Don ƙamshi kawai muke sa shi, har a abincin jarirai."

"Ba wutar cikin dutse ba?"

"Wutar me?"

Siddiƙ ya sulale a jikin bango ya zauna, dariya ta hana shi numfashi. Liman ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Rafayel ya dube su ya dube ni, sai a lokacin ya gane. Ya dafe kai ya ce, "La, la, la! Sadiƙi, wallahi mun ɗauka wasa kake mana! Duk garin cewa suke ba a taɓa baƙo mai ban dariya irinka ba, yana cin barkonon yara yana zare ido!"

Ammu Bashir bai yi dariya ba, ko kuma ya haɗiye ta. Ya tsuguna a gabana, ya ce, "Ka haɗiye shi ko ka tofar?" Na ce, tsakanin shaƙuwa biyu, na haɗiye. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ni shekara talatin ina sana'ar yaji, ban taɓa cin wannan ɗanye ba. Ba jarumta ba ce, ya waladi, rashin hankali ne. Amma dai ka haɗiye." Ya miƙe ya ce kowa ya koma ga abincinsa.

Kwana biyu ban je aiki ba, kuma ba zan yi bayanin dalili ba. Da na samu kaina na ce wa Ikhlas, "Tun a can kin sani. Me ya hana ki faɗa min tun ranar kasuwa?"

Ta ce, "Na so. Amma tun da na aure ka ban taɓa ganin ka riƙe barkono kana dariya ba. Na ce bari in bar ka ka ji daɗinka kwana biyu. Ina na san za ka kai shi gaban Baba?" Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma a jirgi na fara, ka ce ina rage maka tsawo."



Sati guda na yi ina zagayen ban haƙuri. Na je wajen kawun amarya da sabon rawani. Na je gidan amarya na yi magana ta bayan labule, ina jin ƙawayenta suna ƙunshe dariya. Na ƙarshe ita ce Gwaggo Asabe, ranar da za ta koma Zariya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ba komai, ɗana, Allah ya kiyaye gaba. Ni dai ban taɓa ganin namiji ya kira sunan matarsa da gaskiya irin haka ba." Sannan ta ciro wani ƙullin leda daga jakarta ta danƙa min, ta ce sauran attarugun ne, in kai wa Ikhlas, amma in riƙe ta wajen ƙullin.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. In ka je ƙasar da ba ka jin yarensu ka ga an kewaye ka ana tafi, kada ka yi saurin buga ƙirji, ka fara neman wanda zai fassara maka dariyar. In kuma kana tsaye a gaban surukinka da wani abu ja a hannu, wayarka ta yi rawa ka ga sunan matarka, ɗan'uwa, ajiye abin nan ka ɗauka. Ba fatan alheri take maka ba.